Wasiƙar da Masinja Bai Rubuta Ba

Duk ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe, Baba Masinja yakan sauko daga hawa na uku na gini na ɗaya da makulli a hannu. Matakala arba'in da biyu ce tsakanin ƙofarsa da ƙasa, kuma ya san su ɗai-ɗai, har da ta goma sha bakwai mai gutsurarren baki, wadda ita da gwiwarsa ta hagu ba su taɓa shiri ba. Idan ya sauka sai ya nufi mashigar rukunin gidajen, inda wani akwatin katako mai rufin kwano yake kafe a jikin bango. Ya buɗe kwaɗon, ya zura hannu ya lalube kusurwa huɗu, sannan ya sunkuya ya leƙa, kai ka ce hannun nasa ya taɓa yi masa ƙarya. Shekara uku ke nan bai samu komai a ciki ba sai saƙar gizo, ban da ranar da wani ɗan albarka ya cusa masa ɓawon ayaba.

Akwatin ƙorafi ne na ƙungiyar mazauna rukunin, Baba Masinja kuwa shi ne sakataren ƙungiyar. Shi ne kuma shugabanta, shi ne mataimakin shugaba, shi ne mai kiran taro, kuma in za a faɗi gaskiya shi ne taron. Ba ƙwace ya yi ba, Allah ya sani. Muƙaman ne suka yi ta faɗo masa da masu su suka tafi.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana aikin masinja a ofishin ruwa kafin ya yi ritaya, sunan kuma ya bi shi gida ya zauna. Ko matarsa, lokacin tana raye, in ta so ta tsokane shi haka take kiransa. Mutum ne da ba shi da abin alfahari da yawa, amma ɗan wanda yake da shi ba ya gajiya da faɗa. Takarda ba ta taɓa kwana a hannunsa ba. Kowace takarda kwafi biyu yake yi mata, ya miƙa ɗaya, a buga masa hatimi a ɗaya ya dawo da ita. Sannan masinja ba ya gyara saƙo: yadda aka ba shi haka yake kai shi, ko da zagi ne a ciki. Waɗannan maganganu 'yarsa ta ji su tun tana rarrafe, har takan ƙarasa masa su kafin ya kai ƙarshe.

An kafa ƙungiyar ne shekara ashirin da biyu da suka wuce, shekarar da lambatun bayan gini na biyu ya toshe, ruwa ya shiga ɗakunan ƙasa ya jiƙa wa mutane katifu. Gidajen na ƙaramar hukuma ne, benaye huɗu masu hawa uku-uku, kowa haya yake. Kowa ya je ofis ya yi ƙorafi shi kaɗai, kowa aka ce masa ya dawo gobe. Hedimasta ne ya ce a haɗu a ƙarƙashin matakalar gini na ɗaya, aka jera benci biyu, aka yi shi shugaba don ba wanda ya kai shi iya jan magana. Tela ya zama mataimaki don ba wanda ya kai shi iya katse Hedimasta. Kafinta ya buga akwatin, matar Masinja ta shafa masa koren fenti da ragowar wanda ta yi wa tagarsu, Tela kuma ya ɗinka wa makullin igiya da ƙyallen wando. Da aka zo kan wanda zai riƙa kai takardu, ba a ma yi shawara ba, duk ido ya juyo kan mutum ɗaya.

A lokacin akwatin har cika yake yi. Fitilar bene ta mutu, motar shara ba ta zo ba, akuyar wane ta ci shanyar wance. Ranar Litinin ta farkon kowane wata majalisar ƙaramar hukuma tana zaman sauraren jama'a, kowace ƙungiyar unguwa da ke cikin rajista tana da kujera mai ɗan kwali ɗauke da sunanta, tana da minti biyar. Su biyar ko shida sukan tafi, Hedimasta ya yi jawabi, Tela ya yi ta zungurinsa da gwiwar hannu, Masinja ya miƙa takardu ya tsaya har sai an buga hatimi. A hanyar dawowa su tsaya shan shayi, su yi ta musu a kan wanda ya fi burge kansiloli.

To, Hedimasta ya rasu. Kafinta ya gina nasa gida a bayan gari ya tashi. Matar Masinja ta kwanta wata biyu, ita ma ta tafi. Tela ne ya rage, su biyu suka riƙa zuwa majalisa, har idonsa ya daina ganin kafar allura, 'yarsa ta zo da mota ta kwashe shi da keken ɗinkinsa zuwa garin da take aure. Da fari suna waya duk mako, daga baya duk wata, daga baya lambar ta daina shiga. Masinja ya ce a ransa ai Tela ne, ya sake jefa wayar a bokitin wanki.

Waɗanda suka maye gurbinsu ba mugayen mutane ba ne. Fita suke tun da sassafe, su dawo a gajiye, su rufe ƙofa. An ce suna da wani zaure a cikin waya inda suke zuba ƙorafinsu, su yi ta tsine wa motar shara daga safe har yamma, amma motar shara ba ta cikin zauren, kansila ma haka. Wayar Masinja irin mai maɓallai ce, ba ta san wannan zaure ba. In sun haɗu a matakala sukan ce masa, "Sannu Baba," su raɓa ta gefensa. Da yawansu sun ɗauka tsohon maigadi ne da aka bar masa ɗaki.

Watan farko da ya je majalisa hannu wofi, da aka kira sunan ƙungiyar ya miƙe ya ce, "Ba mu da komai wannan watan, ranka ya daɗe," ya zauna. Minti biyar ɗinsa suka ƙare kafin kujerar ta huce. Ya dawo gida a ƙafa, ya hau matakala arba'in da biyu, ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafarsa har la'asar. Wata na biyu ma haka. A wata na uku ne shaiɗan ya zo masa, kuma bai zo da ƙaho ba, da biro ya zo.

Don kuwa ƙorafi akwai shi, mai rubutawa ne babu. Mutumin da yake wuni a bakin taga ba abin da ke wuce shi. Ya ga tsohuwar gini na uku tana lalube a matakala saboda fitila ta mutu. Ya ga murfin ramin kwata ya tsage daidai inda yara ke tsallakawa zuwa makaranta. Sai ya zauna a teburin cin abinci ya rubuta da sunan tsohuwar, ya karkata hannu don rubutun ya bambanta. Aka zo aka sa fitila. Daga nan fa abin ya zame masa jiki. Ya tanadi biro kala uku, ya koyi rubutu da hagu, yana ɗauko sunaye daga tsohon littafin mambobi. Wanda ya fi jin daɗin rubutawa shi ne na Tela, don ya san bakinsa sarai: gaisuwa layi biyar, ƙorafi layi ɗaya, sannan a rufe da "in kuwa ba a gyara ba, za ku gan ni da kaina." Yakan rubuta yana dariya shi kaɗai a ɗaki, wani lokaci har ya amsa masa a fili, "Kai dai Tela ba ka da dama." Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba, bai taɓa jefa irin waɗannan wasiƙu cikin akwatin don ya tsince su da safe ba. Daga teburi suke wucewa jaka.

Duk Lahadi 'yarsa takan kira daga garin da take aiki. Ka ci abinci, ka sha magani, yaya gwiwa. Sannan ta kawo maganar da ba ta gajiya da ita, cewa ɗaki yana nan an gyara masa, ya tattara ya taho. Amsarsa ɗaya ce kullum: "In taho in bar wa wa ƙungiya?"

Haka aka yi shekara uku, sai aka kawo sabuwar akawu ofishin sauraren jama'a. Tsohon akawun mutum ne da zai buga maka hatimi ko a kan ganyen mangwaro ka miƙa masa. Wannan kuwa yarinya ce mai tabarau, mai karanta takarda har ƙasa, kuma ta zo da wata sabuwar ɗabi'a: in an gama gyara, sai ta kira wanda ya yi ƙorafin ta ji ko ya gamsu.

Ranar wata Litinin bayan an tashi daga zama ta ce, "Baba, ɗan tsaya mu yi magana." Ta ja masa kujera a gefen teburinta, ta buɗe fayil, ya hango rubutun hagunsa a sama, da sunan Tela a ƙasa.

"Wannan wasiƙar ta maganar lambatu, wata biyu da suka wuce. Na nemi mai ita, lambarsa ba ta shiga, sai na samu ta 'yarsa a tsohon fom."

"To," in ji Masinja.

"Ta ce mahaifinta ya rasu wata goma sha huɗu ke nan."

Bai ji kunyar ba tukuna, kunyar daga baya ta zo. Abin da ya fara ji shi ne lissafi yana tafiya a kansa shi kaɗai. Wata goma sha huɗu. Ke nan lokacin da yake zaune yana dariya yana cewa Tela ba shi da dama, an daɗe da rufe Tela. Ba wanda ya kira shi, don ba wanda ya san akwai wani a hawa na uku da ya kamata a kira.

"Baba, ba ka sani ba?"

"Ban sani ba, 'yata."

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta yi masa ta'aziyya, kuma ita ce kaɗai ta taɓa yi masa ta'aziyyar Tela. Ta bari ya ɗan nutsu, sannan ta ce ta duba sauran wasiƙun, ta gane, kuma ta je ta ga wuraren da idonta, ba ƙorafi ɗaya na ƙarya a ciki. Amma doka ita ce, ƙungiyar da ta shekara ba ta kawo takarda daga hannun mazauni na gaskiya ba, cire ta ake daga rajista, a ɗauke kujerar. "Ba zan kai maganar gaba ba. Amma zaman wata mai zuwa ka zo min da wasiƙa ɗaya tak, da suna, da lambar ƙofa, da lambar waya, wanda in na kira zai ce shi ya rubuta. In babu, Baba, hannuna a ɗaure yake."

Ya ce ya gode. A bakin ƙofa ya tuna bai karɓi kwafinsa mai hatimi ba, karo na farko a rayuwarsa, kuma bai koma ba.

Wasiƙa ɗaya a cikin ƙofa arba'in da takwas, ai kamar ba wuya. Washegari ya sa rigarsa ta zuwa majalisa ya fara bi ƙofa-ƙofa da ƙarfe goma na safe, lokacin da aka saba samun mutane a gida shekara ashirin da suka wuce. Ya yi ta ƙwanƙwasa wa kwaɗo. Inda aka buɗe, 'yar aiki ce ta ce masu gidan ba sa nan. Da ya gane kuskurensa ya koma zuwa da yamma, nan kuma ya tarar da mutane da yunwa da gajiya. Wani ya saurare shi ta tsagar ƙofa ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Baba," ya rufe. Wani ya ce ya turo masa bayanin a waya. Wani mai kirki ya shigar da shi har falo, ya ba shi ruwa, ya yi minti ashirin yana zagin ƙaramar hukuma tun daga sama har ƙasa, amma da aka miƙa masa biro sai ya ce shi fa ba ya sa sunansa a takardar hukuma, gidan haya yake. Wata ta ce za ta rubuta ta jefa a akwati, in sha Allahu gobe. Ya sauka ya duba gobe, ya duba jibi, ya daina jiran Alhamis ma, kullum sai ya buɗe.

Ranar Lahadi 'yarsa ta kira, ta zo kan maganar ɗaki. Ya buɗe baki zai ba ta amsar da ya saba, sai ya fasa. Ya ce mata gwiwa da sauƙi.

Alhamis ta ƙarshe kafin zaman, ya zura hannu ya ji takarda. An ninke ta huɗu, bayan wata takardar asibiti ce, rubutun na mai sauri. Ya sa tabarau a nan tsaye ya karanta.

"Zuwa ga duk wanda ke da alhakin wannan akwati. Bakin kwanon da ke samansa ya ɗago, sau biyu yana yaga min rigar aiki, jiya kuma ya yanki hannuna. Wurin matsattse ne, yara suna wucewa. Tunda ba mai amfani da shi, don Allah a cire shi." A ƙasa ta sa sunanta, da lambar ƙofarta a hawa na biyu na gini na ɗaya, da lambar waya. Ya gane ta, wata nas ce mai fita da gudu kullum da jaka a kafaɗa.

Suna, ƙofa, waya. Duk abin da akawu ta nema ga shi nan, ba abin da ya ragu.

Ya hau sama da ita ya shimfiɗa a teburi, ya zauna yana kallonta har shayinsa ya yi sanyi. Ransa ya ɓaci, ba zai ɓoye ba. Ba mai amfani da shi! Yarinyar da ita ma aka sa wa fitilar matakalarta da wata wasiƙar hannunsa na hagu. Ya san bugun guduma biyu zai kwantar da bakin kwanon, magana ta ƙare, ya jefa takardar a shara. To amma ranar Litinin ya je da me? Ya kuma yi tunanin ya kai ta, amma ya ce wa majalisa gyara mai wasiƙar take nema. Har ya ɗauki biro. Sai ya ajiye. Shekara uku yana sa wa mutane magana a baki, har da wanda ke cikin kabari. Wannan ce kaɗai aka ba shi, kuma abin da aka ba shi "a cire" ne.

Ya kai ta shagon hoto aka yi masa kwafi biyu.

Ranar Litinin da aka kira sunan ƙungiyar ya miƙe, ya gyara tabarau, ya karanta wasiƙar daga farko har ƙarshe, bai tsallake "ba mai amfani da shi" ba. Wani a kujerun baya ya yi dariya. Shugaban zaman ya ce bango na hukuma ne, buƙata kuma mai sauƙi ce, an amince, za a turo ma'aikata. Masinja ya ce a bar ma'aikata, ƙungiya ce ta kafa, ƙungiya za ta cire. Akawu ta fita da wayarta, ta dawo bayan minti biyu, ta buga hatimi a kwafinsa, ta miƙa masa da hannu biyu. Kwalin sunan ƙungiyar yana nan a jikin kujerar.

Washegari da hantsi, lokacin da rukunin ya zama wayam, ya sauko da guduma. Ƙusa huɗu Kafinta ya buga, kuma ya buga su da gaske, sai da Masinja ya yi gumi kafin ta ƙarshe ta saki. Inda akwatin ya rufe, fentin bangon yana nan sabo, da ɗigon kore guda biyu da suka zubo daga burushin matarsa. Ya rungumi akwatin ya hau da shi, yana hutawa a kowane hawa. Ya rasa inda zai ajiye shi, sai ya ɗora shi a kan kujerar da ke fuskantar tasa a teburin cin abinci.

Ranar Alhamis ƙarfe tara, yana kan matakala ta goma sha bakwai ya tuna, ga makulli a hannunsa da igiyar ƙyallen wando. Komawa sama ta fi sauka wuya, sai ya ƙarasa. Yana tsaye gaban ramukan ƙusa huɗu sai ga Nas ta fito da gudu, jaka a kafaɗa, filasta a bayan hannunta. Ta ja birki da ta ga bangon.

"Sannu Baba. Ka ga sun cire shi? Ashe suna jin magana. Har kirana aka yi daga ofis."

"Suna ji," in ji shi.

"Da na san wanda ake kai wa, wallahi da na faɗa masa maganar matakalar nan mai gutsurarren baki. Wata rana sai ta karya wani."

Hannunsa ya tafi aljihun gaba inda biro yake. Ya gyara murya zai yi magana, sai motar haya ta yi hon a bakin titi. Ta ce, "Wayyo, na makara, sai anjima Baba," ta fice.

Ya tsaya da biron a hannu har motar ta tashi. Maganar baki ce, ba suna a ƙasa, ba lambar waya, ba abin da akawu za ta buga wa hatimi. Ya mayar da biron aljihu, ya juya ya fara hawa, yana lissafin ƙarfe nawa take dawowa daga aiki.